Marin da Aka Yi wa Ɗan Addi

Wanda ya fara ƙulla zumuncin nono tsakanin gidan Hammu, manoman dabino na kwarin Ziz, da gidan Ishu, makiyayan raƙuma na bayan tuddan rairayi, shi ne Hammu ɗan Bassu da kansa, a shekarar da fara ta cinye yankin Tafilalt, tun Faransawa ba su sauko daga duwatsu ba. An daɗe ana faɗa a kan rijiya guda, har aka gaji da binne mutane. Sai matan gidajen biyu masu shayarwa suka tatsi nononsu, aka zuba a kuskus, kowane gida ya ci na ɗaya gidan. Da aka gama ci, maza suka cire takalmi ɗai-ɗai, aka tara, aka rufe da alkyabba, wani dattijo ya riƙa sa hannu yana zaro biyu-biyu. Waɗanda takalmansu suka fito tare sun zama 'yan'uwa har kabari. Wannan shi ake kira tada. Ɗan tada ba ya ciniki da ɗan'uwansa, ba ya yi masa ƙarya, ba ya ɗaga masa murya, ballantana hannu. Kuma dole 'ya'ya su tara nasu takalman tun iyayensu suna raye, in ba haka ba zumuncin ya bi masu shi ƙasa.

'Ya'yan Hammu sun tara nasu. Jikokinsa ma sun tara, kuma a wannan tarin ne takalmin Assu, jikan Hammu, ya fito tare da na Addi na gidan Ishu, dukansu suna samari, gemu bai gama rufe musu haɓa ba.

Daga baya Assu ya tafi Kazabalanka, ya yi aiki a tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Da farko yakan sauko kudu duk kakar dabino, ya kwana a tantin Addi. Sannu a hankali tsakanin zuwa da zuwa ya yi ta faɗi, har labari kawai ya rage. Labari na ƙarshe da ya riske shi shi ne fari ya kashe garken gidan Ishu, sun bar yawo, sun zauna wani wuri a gefen garin Marzuga. Ɗan Assu ɗaya namiji, Yidir, a birni aka haife shi, ya yi karatun haɗa magunguna, ya zauna a Faransa. Bai taɓa ganin Addi ba. Wannan abu ya tsaya wa Assu a rai shekara da shekaru, domin ya san cewa in ya mutu Yidir bai tara takalmi da 'ya'yan Addi ba, abin da Hammu ya ƙulla a hannunsa zai warware.

Saboda haka, da Yidir ya zo hutu da matarsa Salwa da 'yarsu Tiziri mai shekara tara, ya ce ya ɗauki hayar babbar mota domin a nuna wa yarinyar ƙasar kakanninta, daga tsofaffin birane har hamada, Assu bai yi musu ba. Ya ninke farar jallabiyarsa ta zuwa Juma'a, ya sa a jaka. Matarsa Ittu ta dube shi, ta gane abin da yake nufi.

A birnin Fas suka fara yada zango. Yidir ya ɗauki ɗan jagora mai kati rataye a wuya, wanda ya bi da su lunguna har majema, yana raba musu ganyen na'ana'a su kare hanci daga wari. Assu ya ƙi karɓa. Ya ce mahaifinsa ya kawo fatu wannan wuri a bayan alfadari, bai kare hanci ba, shi ma ba zai fara ba. Daga nan aka shiga da su shagon dardumai, ɗan jagora ya shimfiɗa wata ja, ya ce wannan aikin mutanen dutse ne, matansu ke saƙawa, su ne masu zanen shuɗi a haɓa. Ittu ta taɓa nata zanen da yatsa.

"Ka ji, Assu? Mu ake nunawa," in ji ta. "Da na sani da na zauna a kan dardumar, a biya kuɗin kallona."

Tiziri ta yi dariya. Yidir ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa.

Sai da suka haye duwatsu, itatuwan al'ul suka ƙare, ƙasa ta koma ja, sannan Assu ya buɗe maganar.

"Idan mun sauka, akwai inda za mu fara zuwa kafin raƙuman naku. Za mu nemi tantin Addi."

"Baba, an riga an tsara komai," in ji Yidir, idonsa a kan hanya. "Yau da la'asar hawan raƙumi, gobe kasuwar Risani, sannan mu kama hanyar Marakesh. Gobe a kasuwa sai mu tambaya."

"Lokacin da Hammu zai ratsa ƙasar gidan Ishu, ba ya shan ruwa sai ya gaishe su. Mahaifina ma haka ya yi."

"Hammu, Hammu," in ji Ittu daga kujerar baya. "Tun Fas muke tafe da Hammu a motar nan, shi kaɗai ne bai kawo guzuri ba."

"Ki ji tsoron Allah, Ittu."

"Ina ji. Gwiwata ce ba ta ji."

Tiziri ta leƙo tsakanin kujeru. Harshen kakanninta bai zauna a bakinta sosai ba, tana cin karo da kalmomi, amma ba ta jin kunyar tambaya.

"Kaka, mata ba sa sa takalminsu a tarin?"

Kafin Assu ya shirya amsa, Ittu ta riga shi. "Nonon namu, 'yata. Takalmin nasu. Sunan ma nasu."

Assu ya kawar da kai yana kallon kwarin Ziz da ya fara bayyana a ƙasa, dabino jere kamar baƙin kogi. Ya yanke a ransa cewa kwana ɗaya ba zai ɓata abin da ya jira shekaru ba. Ya bar maganar.

Sun isa masauki a bakin tudda rana ta fara sanyi. Raƙuma suna durƙushe a gindin yashi, mai su yana tsaye riƙe da akala, mutum ne da ya haura arba'in, ya naɗe fuskarsa da shuɗin rawani irin wanda baƙi ke son gani a hoto. Assu da Ittu suka ce su ba za su hau ba. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwar katanga, inda suke ganin komai.

Yidir ya fito da ɗan jirgin ɗaukar hoto da ya zo da shi daga Faransa. Mai raƙuma ya yi masa magana da Faransanci, cikin ladabi, ya ce kada ya tashe shi kusa da dabbobin, akwai ƙaramin amale a cikinsu wanda bai saba ba. Yidir ya ce to. Amma da aka ɗora Tiziri a kan sirdi, tana ɗaga hannu tana kiran babanta ya ɗauke ta, sai ya matsa 'yan taku kaɗan ya sake shi. Jirgin ya tashi da ƙugi kamar gungun zuma. Amalen ya zabura ya miƙe da ƙafafun baya, yarinyar ba ta riƙe ƙarfen sirdi ba, ta wuntsilo ta gaba, ta faɗi a kan hannunta.

Salwa ta ruga. Yidir ya riga ta isa, ya ga 'yarsa tana riƙe da hannu ta kasa ko kuka. Ya juya. Mai raƙuma yana fama da akala, yana janye amalen kada ya taka yarinyar. Yidir ya ɗaga hannu ya kwaɗa masa mari, har rawanin ya warware ya zubo a kafaɗa.

"Jaki kawai! Aikinka ke nan, ka riƙe igiya, shi ma ka kasa?"

Mutumin bai saki akala ba. Sai da ya durƙusar da amalen, ya ɗaure masa gwiwa, sannan ya miƙe. Wannan karon bai yi Faransanci ba. Ya yi magana da harshen gida, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na gaya maka kada ka tashe shi. Ka ɗauki 'yarka ka kai ta asibiti, Allah ya ba ta lafiya. Amma ka sani, ni Lahsen ne, ɗan marigayi Addi na gidan Ishu. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa sa mini hannu a fuska ba."

Assu ya riga ya taso daga tabarma, yana dogara sanda, ya iso daidai lokacin da aka faɗi sunan. Kalma biyu suka shige shi tare, ya rasa wadda zai fara ɗauka: marigayi, da kuma Addi. Ya dubi fuskar da rawani ya buɗe, ya ga dogon hancin Addi, da goshinsa, da shatin yatsun Yidir a kan kunci. Ya so ya ce wani abu. Lahsen ya riga ya kwance raƙumansa, ya ja su ya bi bayan tudu.

An kai Tiziri asibiti a Risani. Ƙashin ya tsage, bai karye ba, aka ɗaure mata shi. Assu bai ci abincin da aka kawo ba. Da safe, bayan ya idar da salla, ya aika aka kira masa Yidir zuwa farfajiyar masaukin. Ittu tana zaune gefe tana zuba shayi.

"Ka san wanda ka mara?"

"Na ji, Baba. Raina ne ya ɓaci. Kowane uba zai yi haka."

"Kowane uba banda na gidan Hammu. Zauna."

Yidir ya zauna.

"An taɓa yin irin wannan sau ɗaya," in ji Assu. "Zamanin mahaifina, wani ƙanensa ya zagi ɗan tadarsa a kan akuya. Zagi kawai, bai taɓa shi ba. Washegari ya cire takalmi, ya ja rago da hannunsa tun daga bakin gari har ƙofar tanti, bai yi magana da kowa ba sai da jinin ragon ya taɓa turken tantin. Haka ake yi. Hannun da ya yi laifi shi ke jan igiya, shi ke riƙe wuƙa."

"Baba, zan same shi in ba shi haƙuri. Zan ba shi abin da zai..."

"Kada ka ƙarasa. Kuɗi ba ya ratsawa tsakanin gidajen nan."

"To ai jiya na biya shi hayar raƙuma."

Assu ya rufe ido. Wannan bai zo masa a rai ba sai yanzu.

"Laifi biyu ke nan," ya ce.

"Laifin wa?" Yidir ya miƙe. "Ni na san shi? An taɓa nuna mini shi? Ina da shekara arba'in da huɗu, Baba, ba zan yi tafiya ba takalmi ina jan rago a gaban masu yawon buɗe ido suna ɗaukata hoto ba. 'Yata tana kwance da hannu a ɗaure. Yau za mu kama hanyar Marakesh, a sake duba ta a babban asibiti."

"Saboda 'yar taka nake magana," in ji Ittu, ba ta ɗago daga butar shayi ba. "Wanda ya taɓa ɗan tada, ba a kansa abin yake sauka ba. A kan zuriyarsa yake sauka. Haka muka taso muka ji."

"Inna, yarinyar ta faɗi kafin in mare shi."

"To ka ga Allah ya yi maka gargaɗi tun da wuri."

Yidir ya yi tsaki a hankali, ya koma ɗaki. Ittu ta miƙa wa mijinta kofi.

"Gaskiya ya faɗa a wuri ɗaya," ta ce. "Ka ba shi Larabci, ka ba shi Faransanci, ka ba shi Hammu safe da yamma kamar magani. Mota ce ba ka taɓa sa shi ka kawo shi ba."

"Makaranta ce ta hana."

"Makarantar ba ta hutu?"

Assu ya shanye shayin, ya shiga ya sa farar jallabiya, ya nemi mai masaukin ya samo masa wanda zai kai shi kasuwar Risani. Can ya zaɓi rago fari mai ƙaho, bai taya ba. Ya tambayi inda gidan Ishu suke, aka kwatanta masa: bayan tudu na biyu, wajen tsohuwar rijiya, akwai ɗakin bulo da baƙin tanti kafe a bayansa, domin tsohuwar ta ƙi kwana ƙarƙashin siminti.

Motar ta dawo da shi masauki hantsi ya yi. Yidir yana ɗaki yana haɗa kaya. Assu ya tsaya a bakin ƙofar farfajiya, ya cire takalmansa, ya ajiye su gefe da gefe, ya kama igiyar rago. Ittu ta fito da lulluɓinta.

"Ina za ki da wannan gwiwar?"

"In ka faɗi a hanya, wa zai riƙe ragon? Tsada gare shi."

Daga nan bai ƙara magana ba, domin haka ƙa'idar take.

Ƙafar da ta yi shekaru cikin takalmin birni ba ta san yashi ba. Da farko ɗumi kawai ya ji. Kafin su kai tudu na farko, ɗumin ya koma wuta. Ragon yana turjewa, yana ja da baya, Assu yana ja da hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Wasu baƙi a kan babura masu ƙafa huɗu suka rage gudu suna nuna shi, ɗaya ya ɗaga waya. Bai dube su ba. Yana tafe yana tuna Addi, yadda yake gasa gurasa a cikin toka ya kakkaɓe ta da gefen rawani, da yadda yake yi masa ba'a cewa manomi ko a Aljanna aka kai shi sai ya tambayi ranar da za a sako masa ruwa. Ya yi ƙoƙarin ƙiyasta shekarar da ya rasu, ya kasa. A wata rana cikin ranakun da yake zaune a Kazabalanka yana shan shayi, an binne ɗan'uwansa, shi bai ji komai a jikinsa ba.

Lalla Tuda, matar Addi, tana zaune a bakin tanti tana kaɗi. Ta tsufa ƙwarai, ta ƙanƙance, amma idonta bai mutu ba. Lahsen yana gefe yana gyaran sirdi. Ya ga masu zuwa, ya miƙe. Assu ya ja ragon har gaban turken tanti, ya zaro wuƙa daga ɗamara.

"Dakata," in ji Tuda.

Ta dube shi daga rawani har ƙafa.

"Assu ɗan gidan Hammu. Ka yi ƙiba, ka kuma rame, duk ban gani ba. Ittu, ke ce wannan? Shigo inuwa, ke ba ki yi laifi ba." Ta juya ga ɗanta. "Lahsen, wannan hannun ne ya mare ka?"

"A'a, Inna."

"To mayar da wuƙarka, Assu. Kai da ka fi kowa sanin yadda aka yi a da, kai za ka kawo mini sabon abu? Uba ba ya yanka wa ɗa."

Assu ya san gaskiya ta faɗa. Tun a hanya ya sani. Ya mayar da wuƙar, amma bai saki igiya ba, bai kuma shiga inuwa ba, tun da jini bai zuba ba. Ya tsaya a rana. Lahsen ya kawo buzu ya shimfiɗa a gabansa.

"Dadda Assu," ya ce, kamar yadda ake kiran babba a nan, "ko a kan wannan ka tsaya. Ƙafarka ta tashi."

Assu ya girgiza kai.

Rana ta hau tsaka. Ittu da Tuda suna cikin tanti suna magana ƙasa-ƙasa, yana jin gutsattsarin zancen: yadda Addi ya yi jinya, yadda aka sayar da sauran raƙuman aka bar shida. Ragon ya gaji ya kwanta a inuwar jallabiyar Assu. Shi kuwa ya ƙara dogara a kan sanda.

Can sai ga ƙura, motar haya ta taso tana tangaɗi a kan yashi. Yidir ya fito, takalman mahaifinsa a hannu, fuska a murtuke.

"Baba, wannan wace irin rigima ce? Mutum mai hawan jini? Na ga takalmanka a ƙofa, na zagaye garin nan ina nema. Sa su mu tafi."

Yidir ya durƙusa zai sa masa da kansa, ya ɗaga ƙafar dama, sai ya ga tafin. Fatar ta kumbura, ta fashe a wuri biyu, yashi ya shiga ciki. Ya daɗe a durƙushe yana riƙe da ƙafar. Sannan ya ajiye ta a hankali, ya kwance igiyar nasa takalman, ya cire safa, ya karɓi igiyar ragon daga hannun mahaifinsa.

"Me ake yi?" ya tambaya.

"Ba a magana," in ji Tuda daga cikin tanti. "Amma tun da ba a koya maka ba, na yafe wannan. Daga bakin gari ake jawo shi. Na yafe wannan ma, ubanka ya taka maka. Kwantar da shi, fuska gabas."

Yidir bai taɓa yanka ko kaza ba. Ya kayar da ragon da ƙyar, ragon ya shure shi ya tashi, ya sake kayarwa. Ya karɓi wuƙar mahaifinsa, ya rasa inda zai ɗora ta. Lahsen ya tsaya yana kallo, hannu a baya. Da ya ga dabbar za ta wahala, ya matso, ya danne ta da gwiwa, ya kama hannun Yidir, wannan hannun dai, ya ɗora shi a inda ya dace.

"Nan. Ka yi bisimilla, ka ja sau ɗaya. Kada ka tsaya."

Jini ya zuba, ya gangara ya taɓa turke. Yidir ya miƙe, rigarsa ta ɓaci.

"Na yi maka laifi," ya ce. "Ka gaya mini, ban ji ba. Ka yafe mini."

"Na yafe," in ji Lahsen. Ya shiga ɗakin bulo, ya fito da kuɗin hayar jiya, ya sa a aljihun rigar Yidir. "Yaya hannun yarinyar?"

Sai a lokacin Assu ya yarda ya zauna. Tuda ta sa aka kawo ruwa da man zaitun da lalle, Ittu ta wanke masa ƙafafu tana yi masa faɗa. Yidir ya koma ya ɗauko Salwa da Tiziri. Aka gasa hanta, aka dafa kuskus, aka ci a akushi ɗaya. Tuda ta zaunar da yarinyar kusa da ita, tana tura mata nama mai laushi, tana gyara mata kalmomi. Aka kai Assu kabarin Addi, dutse biyu a gefen rijiya, yana dogara da kafaɗar Lahsen. Ya yi addu'a mai tsawo.

Da suka dawo aka zuba shayi, Assu ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ya ga an ci, an yafe, an yi dariya, ya ɗauka lokacin ya yi.

"Lalla Tuda, Hammu da Ishu sun tara takalma. 'Ya'yansu sun tara. Ni da Addi mun tara. Ga Yidir, ga Lahsen, ga alkyabba. Ban zo ƙasar nan don raƙumi ko tudu ba. Wannan ya kawo ni."

Lahsen ya juya kofinsa a hannu.

"Dadda Assu, kada ka ɗauka marin ne. Wannan ya wuce. Amma ranar da babana ya kwanta, ya ce a nemo masa kai. Mun aika Kazabalanka, aka ce kun tashi daga unguwar. Ya yi ta tambaya har ya daina. Ni ban riƙe ka ba, nisa ne. To wannan nisan Kazabalanka ke nan. Faransa fa? In na haɗa takalmi da mutum, ina so in na kira shi ya zo."

Assu ya juya ga ɗansa. Ya so Yidir ya yi rantsuwa, ya ce zai zo ko daga bangon duniya. Yidir ya dubi tafin hannunsa, inda jinin rago ya bushe a gefen farce.

"Baba, ka ce ɗan tada ba ya yi wa ɗan'uwansa ƙarya. In na sa takalmina a tarin nan, da ƙarya zan fara. Hutuna sau ɗaya ne a shekara. In ya kira ni cikin sanyi, ba zan iya zuwa ba, na sani, kai ma ka sani."

"A da mutane sukan yi tafiyar wata guda..."

"A da ke nan, Assu," in ji Tuda. Ba ta faɗa da zafi ba. "Yaran nan biyu sun yi maka gaskiya, ka karɓa. Ga abin da zan ce, ni ce babba a tantin nan. Muddin kana numfashi, nan gidanka ne, ba ka sallama, ba ka tambaya, abin da ke cikin tukunya naka ne. Ranar da aka ce ba ka, 'ya'yanka da jikokinka baƙi ne. Za mu karɓe su da shayi kamar yadda muke karɓar kowa, kuma Lahsen zai karɓi hayar raƙumansa, don da ita yake ci."

Assu ya nemi wani abin da aka taɓa yi a da wanda zai kafa hujja da shi. Ya bi zamanin Hammu, ya bi na mahaifinsa, bai samu ba. Ba a taɓa kaiwa nan ba. Ya ɗauki kofinsa, shayin ya huce, ya shanye.

Washegari suka kama hanyar Marakesh, amma ba dukansu ba. Assu ya ce ƙafarsa ba ta shiga takalmi, ba zai iya yawon birni ba, a biyo a ɗauke shi in an gama. Ittu ta ce ita ma ta ga ganuwa iyakar ganinta, kuma in aka bar shi shi kaɗai zai ishi Tuda da Hammu har ta kore shi. Tiziri ta yi kuka kaɗan, ta sumbaci kansa, ta hau mota.

Ga abin da tafiyar ta tara, ga wanda yake son lissafi. An samu yafiya a kan mari, an zubar da jinin rago a inda ya kamata, da hannun da ya kamata. Assu ya san inda kabarin Addi yake, ya tsaya a kansa. Yidir ya koyi yanka, ya kuma faɗa wa mahaifinsa gaskiya a gaban mutane. Hannun Tiziri ya warke, ta koma Faransa da kalmomi kaɗan na Lalla Tuda a bakinta. Abin da aka riƙe shi ne wurin zaman mutum ɗaya a gefen dama na baƙin tanti, iya tsawon ran tsoho mai hawan jini. Takalma kuwa ba a tara ba.